Shirin Ko-ta-kwana a Rundunar Sojin Ruwan Najeriya: Jirage, Ma'aikata da Rabon Arewa

Duk lokacin da Rundunar Sojin Ruwan Najeriya ta buɗe shafinta na ɗaukar kurata, shagunan intanet na unguwanni irin su Malam Inna a garin Gombe sukan karɓi matasa masu cike takardar neman shiga. Da yawansu ba su taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da suka sani shi ne na madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Duk da haka, daga cikin irin waɗannan matasa ne ake samun waɗanda za su tsaya a ɗakin inji, su lura da na'urar rada, su kwana suna gadi a kan jiragen da ke tsaron ruwan ƙasar.

Ana yawan auna ƙarfin rundunar ruwa da adadin jiragenta, domin shi ne abin da ido ke gani a ranar bikin ƙaddamarwa. Masana harkar tsaro kuwa suna da wani ma'aunin: jirage nawa ne za su iya barin tasha a yau, da cikakkun ma'aikata masu horo, su kuma daɗe a teku har su gama aikin da aka tura su. Wannan shi ake kira shirin ko-ta-kwana, kuma a kansa ne amfanin kuɗin da aka kashe wajen sayen jirage ya dogara.

Abin da shirin ko-ta-kwana ya ƙunsa

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa kafin a ce jirgin yaƙi yana cikin shiri. Na farko shi ne lafiyar jirgin kansa: gangar jikinsa, injunansa, janaretocinsa, na'urorin sadarwa da makamai. Na biyu shi ne ma'aikata, a cike kuma kowa da ƙwarewar gurbinsa. Na uku shi ne horo na haɗin gwiwa, wato ma'aikatan su saba aiki tare wajen kashe gobara, toshe ɓula, ceton wanda ya faɗa ruwa da harba makami. Na huɗu shi ne guzuri: man dizal, abinci, ruwan sha, harsasai da kayan gyara. Idan ɗaya ya gaza, sauran ukun ba za su fitar da jirgi daga tasha ba.

Akwai wani lissafi da rundunonin ruwa na duniya suka daɗe suna aiki da shi. Domin a samu jirgi ɗaya yana sintiri a teku a kowane lokaci, ana buƙatar kamar guda uku: ɗaya a bakin aiki, ɗaya yana horo ko shirin karɓar aiki, ɗaya kuma yana wurin gyara. Dalili kuwa shi ne ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe ya huta. Tsatsa tana cin gangar jirgi, ƙananan halittun ruwa suna manne wa ƙasansa suna rage masa gudu suna ƙara masa shan mai, injuna kuma suna da adadin sa'o'in da idan sun cika dole a kwance su a duba. Saboda haka kowane babban jirgi yakan shiga keɓaɓɓen wurin gyara lokaci zuwa lokaci, inda ake janye ruwa a bar shi a tsaye a kan sandararriyar ƙasa. Ganin jirgi a wurin gyara alama ce ta kulawa. Abin damuwa shi ne ya shiga ya kasa fitowa saboda rashin kuɗi ko kayan gyara.

Asalin rundunar da yankin da take tsaro

An kafa rundunar a ranar 1 ga Yuni, 1956, daga jirage da ma'aikatan tsohon Sashen Harkokin Ruwa na gwamnatin mulkin mallaka. A 1959 aka ƙara mata laƙabin sarautar Ingila, aka kuma cire shi a 1963 da Najeriya ta zama jamhuriya. Joseph Edet Akinwale Wey ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1964. A lokacin yaƙin basasa jiragenta sun sauke dakaru a Bonny a watan Yulin 1967, sannan a 1990 sun yi jigilar sojojin ECOMOG zuwa Laberiya.

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa rundunonin soja kare ƙasar da iyakokinta ta ƙasa, ta ruwa da ta sama. Dokar Rundunonin Soja ta ƙara wa sojin ruwa taimakawa wajen aiwatar da dokokin kwastan, shige da fice, kamun kifi da hana satar mai, da kuma zana taswirar ƙarƙashin ruwa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai tsawon kimanin kilomita 853. Ruwan da ƙasar ke da cikakken iko a kansa ya kai mil 12 na teku daga gaɓa, yankin da take da haƙƙin cin arzikinsa kuma ya kai mil 200, wato kusan kilomita 370. Ban da wannan akwai dubban rafuka da lunguna na yankin Neja Delta, waɗanda babban jirgi ba ya iya shiga.

An raba aikin sintiri tsakanin shiyyoyi uku: ta Yamma mai hedikwata a Apapa ta Legas, ta Gabas a Kalaba, ta Tsakiya kuma a Yenagoa. Akwai kuma sashen horarwa, da sashen samar da kayan aiki mai hedikwata a Oghara ta jihar Delta. Cibiyoyin nazarin tsaro na ƙasa da ƙasa sukan ƙiyasta yawan jami'an rundunar da kimanin 25,000. Ba dukansu ne ke kan jirage ba: da dama suna makarantu, asibitoci, wuraren gyara, sansanonin gaɓa da kuma ayyukan tsaron cikin gida.

Darasin jirgin Aradu

Bahaushe zai ga harshensa a jikin jiragen rundunar. An yi Dorina, an yi Damisa, akwai Kyanwa da Kada, akwai kuma Karaduwa mai ɗauke da sunan kogin jihar Katsina. Haruffan NNS da ake sa wa gaban kowane suna suna nufin jirgin rundunar sojin ruwan Najeriya. Wanda ya fi kowanne shahara shi ne NNS Aradu, kuma tarihinsa ya isa ya bayyana bambancin mallakar jirgi da samun jirgi a shirye.

Kamfanin Blohm + Voss na birnin Hamburg a Jamus ne ya ƙera Aradu, ya kuma fara aiki a 1982. Tsawonsa ya kai kimanin mita 125, an tsara shi da ɗaukar ma'aikata kusan 200, yana da makamai masu linzami da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. A zamaninsa yana cikin jiragen yaƙi mafi ƙarfi a Afirka kudu da Sahara. Amma irin wannan jirgi yana buƙatar garambawul a kan lokaci, da ƙwararrun da suka san na'urorinsa, da kuɗin waje na sayen kayan gyara. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi kuma darajar naira ta faɗi, waɗannan abubuwa suka yi wuya. An gyara shi har ya halarci taron jiragen yaƙi na duniya a Ingila a 2005, na cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, ya kuma je Brazil a 2007. Bayan nan ya shafe shekaru a ɗaure a tasha. A 2023 rundunar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin yi masa garambawul.

Ba Aradu kaɗai abin ya shafa ba. Jiragen kai farmaki masu gudu da aka sayo daga Jamus da Faransa a farkon shekarun 1980, da jiragen saukar da dakaru Ambe da Ofiom, duk sun tsufa, wasu an sallame su daga aiki.

Sabunta jirage daga 2011

Domin cike giɓin, rundunar ta bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce karɓar tsofaffin jirage masu sauran ƙarfi. NNS Thunder da NNS Okpabana sun fito ne daga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, an miƙa na farko a 2011, na biyu a 2014. Dukansu an ƙera su ne a ƙarshen shekarun 1960. Thunder ya yi doguwar tafiya har zuwa Sydney ta Ostireliya a 2013, abin da ya nuna juriyar jirgin da ta ma'aikatansa, sai dai tsohon jirgi kullum yana neman hannun makanike.

Hanya ta biyu ita ce sayen sababbi. NNS Centenary da NNS Unity sun zo daga Sin a 2015 da 2016. A 2018 aka ƙaddamar da wasu jiragen sintiri ƙirar kamfanin OCEA na Faransa, cikinsu har da NNS Gongola, mai sunan kogin da ya ratsa jihar Gombe. NNS Lana, jirgin binciken ƙarƙashin ruwa, ya iso daga Faransa a 2021. NNS Kada, jirgin jigilar dakaru da motocin yaƙi da kamfanin Damen ya ƙera a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya iso a 2022, kuma a shekarar ya kai kayan aikin sojojin ECOWAS zuwa Gini Bisau. A 2021 kuma aka ba Dearsan kwangilar ƙera manyan jiragen sintiri biyu.

Hanya ta uku ita ce ƙira a gida. A wurin gyaran jiragen rundunar da ke Victoria Island a Legas aka ƙera NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016 da NNS Oji a 2021. Muhimmancin waɗannan ya wuce girmansu, domin injiniyan da ya ƙera jirgi da hannunsa ba ya jiran baƙo ya zo ya gyara masa shi.

Tattaro jirage daga ƙasashe da dama yana da tasa wahalar. Injin Jamus, na'urar Sin da wayoyin lantarkin Amurka kowanne da nasa kayan gyara, da nasa littafin aiki, da nasa horo. Ma'aikacin da ya ƙware a jirgi ɗaya yakan buƙaci sabon horo idan aka mayar da shi wani. Wannan ya sa batun ma'aikata ya fi batun ƙarfe sarƙaƙiya.

Yadda ake cika jirgi da ma'aikata

Jirgin yaƙi ba ya barci. Idan yana teku, ana raba ma'aikata rukuni-rukuni suna karɓa-karɓa, a al'ada sa'o'i huɗu-huɗu, dare da rana. Ma'ana, kowane gurbi mai muhimmanci, kamar tuƙi, lura da rada ko tsaron inji, yana buƙatar aƙalla mutum biyu ko uku da suka iya shi. Ma'aikatan sun kasu sassa: masu tuƙi da sarrafa makamai, injiniyoyin inji, injiniyoyin lantarki da na makamai, masu sadarwa, masu kula da kaya da abinci, da ma'aikatan lafiya.

Saboda haka cikar adadi kaɗai ba ta wadatar. Jirgi mai gurbin mutum 80 yana iya samun 75 amma ya kasa tashi, idan biyar ɗin da suka rage su ne masu gyaran janareta da na'urar tuƙi. Ana iya horar da kurtu cikin watanni, amma babban ma'aikacin inji da zai ji sautin famfo ya gane abin da ke damunsa sai ya yi shekaru masu yawa a bakin aiki. Irin waɗannan ƙwararru su ne kamfanonin mai da na jiragen kasuwanci ke zawarci da albashi mai tsoka, matsalar da rundunonin ruwa na duniya baki ɗaya ke fama da ita. Shi ya sa gidaje, kula da iyali, alawus na zaman teku da ƙarin girma a kan lokaci suke cikin lissafin shirin ko-ta-kwana, kamar yadda man dizal yake ciki.

Idan ma'aikata suka yi ƙaranci, waɗanda ke nan sukan ɗauki aikin mutum biyu. Barci ya ragu, horo ya koma gefe, kuskure ya samu ƙofa. Manyan ƙasashe ma sun ɗanɗana wannan. A 2017 jiragen yaƙin Amurka biyu, USS Fitzgerald a kusa da Japan da USS John S. McCain a kusa da Singafo, sun yi karo da jiragen kasuwanci cikin wata biyu da 'yan kwanaki, sojoji 17 suka mutu. Binciken da ya biyo baya ya ambaci gajiya da giɓin horo cikin dalilan. A watan Oktoban 2024 jirgin sojin ruwan New Zealand mai suna Manawanui ya hau kan duwatsun ruwa a gaɓar Samoa ya nutse. An ceto duk mutanen da ke ciki, amma kwamitin bincike ya gano cewa ma'aikatan ba su lura na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana kunne ba, ya kuma nuna gazawa a horo.

Inda ake samo mutanen

Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su kasance sun fito daga dukkan sassan tarayya. Wannan ne ya ba ɗan Gombe, ɗan Sakkwato da ɗan Yobe gurbi a rundunar ruwa daidai da ɗan Bayelsa ko Legas. Ƙananan sojoji suna samun horon farko a makarantar kurata ta rundunar da ke Onne a jihar Ribas. Hafsoshi kuwa mafi yawansu suna fitowa ne daga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, wasu kuma masu digiri suna shiga ta gajeren kwas. Akwai kwalejin injiniyoyi a Sapele, ana kuma yin kwas na manyan hafsoshi a Jaji.

'Yan Arewa sun kai ƙololuwar rundunar. Murtala Nyako na jihar Adamawa ya zama Babban Hafsan Sojin Ruwa daga 1990 zuwa 1992. Awwal Zubairu Gambo, ɗan jihar Kano, ya riƙe muƙamin daga 2021 zuwa 2023, Emmanuel Ikechukwu Ogalla ya gaje shi, sannan a watan Oktoban 2025 aka naɗa Idi Abbas, shi ma ɗan Kano.

Rundunar kanta ta matso Arewa. Tana da sansani a Lokoja, mahaɗar kogin Neja da Binuwai. A 2021 aka amince da kafa mata cibiya a jihar Kano, wadda ta zama kwalejin koyar da sarrafa kayan aiki a Dawakin Tofa. Tana kuma da sansani a Baga, a bakin Tafkin Chadi, inda jami'anta ke aiki da ƙananan jiragen ruwa cikin ciyayi da tsibirai tare da dakarun haɗin gwiwa na ƙasashen yankin. A ƙarshen Disambar 2018 mayaƙan ISWAP sun afka wa Baga har da sansanin sojin ruwan, kafin daga baya sojoji su ƙwato garin. Buɗe hanyoyin ruwan tafkin yana da alaƙa kai tsaye da cinikin kifi da noma, waɗanda kasuwannin Arewa maso Gabas suka dogara da su. Sai dai kowane sabon sansani yana ɗibar ma'aikata ne daga rumbu ɗaya da jiragen teku, don haka faɗaɗa aiki yana tafiya ne da buƙatar ƙarin kurata da ƙarin masu horar da su.

Abin da ya haɗa Gombe da teku

Mafi yawan kuɗin waje da Najeriya ke samu daga ɗanyen mai da iskar gas suke fitowa, kuma ta teku ake fitar da su. Wani kaso mai yawa na kuɗin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya, wanda jihar Gombe da ƙananan hukumominta 11 ke biyan albashi da gudanar da ayyuka da shi, daga nan yake. Duk gangar man da aka sace a rafukan Neja Delta ragi ce a wannan rabo. Haka nan magunguna, injuna, kayan gyaran motoci da sinadaran haɗa taki da ke isa kasuwannin Gombe, da yawansu ta tashoshin Legas da Onne suke shigowa. Idan teku ba ta da tsaro, kamfanonin inshora suna ƙara wa jirage kuɗi, kuma mai saye na ƙarshe ne yake biya.

An ga misalin wannan a 'yan shekarun nan. A 2020, Hukumar Lura da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMB, ta ƙirga ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 daga cikinsu a Mashigin Tekun Gini. Najeriya ta riga ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, sannan a 2021 ta ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA da na'urorin sa ido na Falcon Eye. A watan Yulin wannan shekara wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 da sojin ruwa suka kama bisa fashin wani jirgin kamun kifi na Sin. Hare-hare sun ragu ƙwarai, har a 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin teku ya yi ƙamari. Na'urar sa ido tana iya nuna inda ɓarayi suke, amma kama su sai da jirgi mai mai a tanki da ma'aikata a kansa. Ɗorewar nasarar ta dogara ne ga ci gaba da gyara, horo da atisaye irin na Obangame Express, wanda ƙasashen yankin ke yi duk shekara tare da Amurka.

Ga mai niyyar shiga

Matashin Malam Inna, ko na kowace unguwa a Arewa, da ke son wannan aiki yana buƙatar sanin wasu abubuwa. Neman shiga kyauta ne, ta shafin rundunar ake yi, kuma ta sha gargaɗin jama'a game da 'yan damfara masu karɓar kuɗi da sunan sayar da gurbi. Ana neman sakamako mai kyau a darussa biyar na kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Akwai ƙa'idar shekaru da ta tsawo, waɗanda ake bayyanawa a sanarwar kowace shekara, sai jarrabawa da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Mata ma suna shiga.

Wanda ya karanta lantarki, kanikanci, walda, aikin jinya ko kwamfuta a makarantar fasaha yana riƙe da irin ilimin da jirage suka fi buƙata. Iyo abu ne da ake koya, kuma jiri da amai na farkon shiga teku yakan lafa wa mafi yawan mutane bayan 'yan kwanaki. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne ƙwarewa da haƙurin zama makonni nesa da iyali. Idan jiha ta bar gurabenta ba ta cike su da waɗanda suka cancanta ba, ta yi asarar ayyukan yi, rundunar kuma ta rasa hannayen da za ta horar. Saboda haka makarantun sakandare da na fasaha na jihohi irin su Gombe suna da hannu a yawan jiragen da za su iya fita sintiri nan da shekara goma.